Awon Azurfa da Ladan Hannu

A ƙarshen daminar bana aka kawo rabon gadon wata gyatuma zauren dattijonmu, mu kuwa kamar kullum muna gefe da littafi da alƙalami muna rubuta abin da aka fito da shi. Bayan zannuwa da tasoshi da 'yan kuɗin da aka samu a ƙasan adaka, sai babbar 'yarta ta miƙo wani ƙullin tsumma ta bayan labule. Da aka kwance, sai ga mundaye biyu na azurfa masu kauri, sun yi baƙi don daɗewa a ajiye, da zobba uku, da liyari shida da aka huda aka zura a zare. Liman ya ce ba ya raba abin da bai san nauyinsa ba. Aka aiki yaro ya kirawo maƙerin farin unguwarmu, wanda manya da yara ke kira Baba Maƙeri, ya zo da ma'auninsa.

Ya auna zobba, ya auna liyari, muka rubuta. Da ya ɗauki munduwa sai ya daɗe yana juya ta. Ya goge cikinta da gefen rigarsa, ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi, sa'an nan ya dubi dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin mahaifina ne." Babu suna a jikinta, babu hatimi. Ya gane ta ne ta yadda aka murɗa waya uku aka kulle bakinsu, da wasu ɗige-ɗige da aka jera bakwai-bakwai kusa da kai. Ya ce yana yaro shi ke yi wa tsohon zuga, kuma bai ga wani ya iya wannan kulli ba bayansa, har shi kansa. Magada dai abin da suke jira su ji shi ne giram nawa ce, kuma nawa ake sayen giram a Ngaundare. Ba mu ga laifinsu ba. Su tara ne, mundaye biyu ne, azurfa kuma ta yi tsadar da ba a saba gani ba, domin a shekarar 2025 farashinta a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 50 kowane oza. A littafinmu muka rubuta: munduwa 2, giram 231. Muka duba shafin, babu inda za a rubuta wanda ya ƙera.

Wannan giɓi ba laifin wanda ya tsaga layukan littafin ba ne. Haka muka taso muka ga ana kallon azurfa. A wurin iyayenmu mata, munduwa ado ce a ranar suna da ranar salla, amma asusu ce a sauran kwanakin shekara. Kakanninmu da suka zo Banyo fatauci, suna bin hanyar goro daga tsaunukan kudu zuwa Gashaka da Yola, ba su da banki. Idan fatauci ya yi albarka sai a kai kuɗi maƙera a narke, a ɗaura wa uwargida a hannu. Idan ya karye sai a cire a sayar da awo. Kuma ba wanda ya haƙo azurfar nan a ƙasarmu. Abin da aka haƙa a Mayo-Darle zamanin Faransa kuza ce. Azurfarmu duka kuɗin wasu ne. Liyari, wato dalar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza wadda har yau ake buga ta da shekarar 1780, nauyinta giram 28 ne da ɗigo, kuma a cikin kashi 1000 kashi 833 azurfa ce tsantsa. Da Jamusawa suka shigo Banyo a 1902 suka zo da nasu kuɗin azurfa, har aka kore su daga kan dutse a watan Nuwamban 1915. Sai tsohuwar dalar Faransa ta faran biyar, mai giram 25, da sulallan Ingila na azurfa da ke tsallako iyaka. Duk waɗannan sun bi ta cikin kaskon maƙeri. Munduwar gyatumar nan, in ka lissafa, kusan liyari takwas ne aka narke aka yi biyun.

To, abin da aka saya da awo da awo za a sayar da shi. Kowane zamani kan narke adon zamanin da ya gabace shi ya zuba a sabon yayi, hannun maƙeri ya bi wuta ya tafi. Masaƙi ana iya tsintar tsohon zanensa a ƙasan akwati, magini soronsa na nan tsaye, amma maƙerin fari aikinsa ne kaɗai ake rusawa saboda darajarsa. Wani Bature mai suna Philip Jaggar ya zauna da maƙeran birnin Kano ya rubuta littafi a kansu, aka buga a 1994. A can ma kamar nan an raba su biyu, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Ku tambayi kanku, jama'a, mutum nawa a cikinmu zai iya faɗin sunan maƙerin fari ɗaya da ya rasu kafin haihuwarsa.

Mu da muka yi zaman gaban malamai mun san shari'a ma ta awo take bi, kuma da hikima. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne. Zoben namiji a mazhabarmu kada ya wuce nauyin dirhami biyu, wajen giram shida ke nan. Risala ta halatta azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, ta hana a linzami da sirdi, ko da yake duk wanda ya kalli hawan salla a ƙofar Lamiɗo ya san dawaki ba su karanta wannan babi ba. Babban abin shi ne musaya: azurfa da azurfa sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin maƙerin da ya bi Abdullahi ɗan Umar yana neman ya yarje masa ya sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa don ya fid da ladan aikinsa, aka hana shi. Wasu kan ji wannan su ɗauka shari'a ba ta san aikin hannu ba. Ba haka ba ne. Ka kai azurfarka, ka biya ladan ƙira daban, halal ne. Ka sayi zobe da sefa a farashin da kuka shirya, an biya an karɓa nan take, halal ne. Abin da aka toshe shi ne a ɓoye riba a cikin ma'auni. Shari'a ta raba awo da lada ne don kowane ya tsaya da sunansa. Mu ne muka riƙe awo muka yar da lada.

Baba Maƙeri ya yi shekara bakwai yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaba. Daga zugazugi aka matsar da shi ga jan waya, daga nan ga magagari, sai daga baya aka nuna masa zubi: a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce a fasa. Kaki ba ya wuya a Adamawa, ƙasar zuma ce. Makwabtanmu na Fumban da wannan dabara suke zubin tagulla, kuma tsakaninmu da su akwai tsohuwar hulɗa tun lokacin da Lamiɗo Umaru ya aika wa Sarki Njoya dawaki a shekarun 1890 suka kashe masa wutar tawaye. Kalmar nan sinadari da 'yan boko ke yawan faɗa yanzu, a maƙera muka fara jin ta, sunan abin da ake liƙa ƙarfe da shi ne.

Lokacin da ya zama mai gidan kansa, kasuwar ta riga ta fara juyawa. Alhazai suka soma dawowa daga Makka da zinariya, amarya ta daina jin an yi mata lefe in ba gwal a ciki, azurfa ta zama adon tsofaffi da matan daji. Ya ɗauki awartakinsa da ma'auninsa ya tafi Garwa, ya zauna a rumfar wani yana gyaran sarƙoƙin da suka tsinke. Daga can ya shiga Kano, ya zarce Yamai. A Yamai ya ga abin da bai taɓa gani ba. A gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, an ware wuri an zaunar da masu sana'a suna aiki a gaban baƙi, kuma baƙon da ya ɗauki abin wuya ba ya tambayar nauyinsa. Tambayarsa ita ce wa ya yi, me wannan zane yake nufi. Ya ce ranar farko ya zaci wasa suke yi.

Daga Yamai ya hau mota zuwa Agadas, inda maƙeran Buzaye suke, waɗanda Hausa ce harshen kasuwarsu. Su ne suka riga kowa a yankin nan gane cewa ana iya sayar da hannu. Sun ɗauki tsohon abin wuyan nan da Faransawa ke kira kuros ɗin Agadas, suka jera shi da 'yan'uwansa suka zama guda 21, galibinsu da sunan gari, akwai na Damagaram da Tawa da Ingal da Timiya da Bilma, har bayan rasuwar Mano Dayak a 1995 aka ƙara wani da sunansa. Suka rage nauyi, suka ƙara zane, suka haɗa azurfa da baƙin itace da duwatsu, suka ƙera abubuwan da kakanninsu ba su san amfaninsu ba. Kamfanin Hermès na Faransa ya riƙa sayen aikinsu yana sawa a jakunkuna da bel. Ɗaya daga cikinsu, Saidi Umba, wani masanin Amurka mai suna Thomas Seligman ya bi aikinsa da na iyalinsa tun farkon shekarun 1970, kuma a baje kolin fasahar Buzaye da aka fara a Amurka a 2006, wanda ya kai har gidan tarihin Smithsonian a birnin Washinton, an nuna aikinsa da sunansa, da na matarsa Andi mai dukanci. Maƙeri ne kamar namu, a ƙasa yake zaune gaban uwar maƙera, kuma ya koyar da 'ya'yansa kamar yadda aka koyar da shi. Bambancin kawai, an rubuta sunansa kusa da abin da ya ƙera.

Sai mu faɗi gaskiya, abin da Baba ya fara yi da ya dawo gida bai burge mu ba. Kuros ɗin Agadas ya riƙa zubawa yana aikawa Yawunde, ana sayar wa Turawa a matsayin aikin Sahara, alhali a gindin dutsen Banyo aka yi shi, inda ruwa ke zuba wata bakwai. Kayan aro ne, kuma kowa ya san ba ya rufe katara. Shi da kansa ya bari, ba don wa'azinmu ba. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, azurfar da ake shigowa da ita ta ninka kuɗi, masu kwaikwayo suka yi yawa, sai ya ga ba zai yi gasa da masu abin a kan abinsu ba.

Daga nan ne aikin da muke alfahari da shi ya fara. Ya sayi littafin zane irin na 'yan lakwal, abin da mahaifinsa bai taɓa yi ba, domin tsohon a ka yake ajiye siffa. Ya riƙa zuwa wurin maɗinka yana kallon aska takwas a ƙirjin riga, yana kwafar dagi, yana karɓar allon zayyana a hannun gardawa ya duba yadda suke raba fili gida-gida. Ya zauna da matan Fulani masu ƙona zane a bayan ƙwarya. Sa'an nan ya yi abin da ya fi wuya, wato ragewa. Aska takwas ya mai da ita tsini biyu a kan zoben namiji, bai wuce dirhami biyun nan ba, sauran fuskar zoben ya bar ta fili tana sheƙi. 'Yan kunne ya yi su da waya siririya yadda malamar asibiti za ta wuni da su ba su ja mata kunne ba. Ƙahon sa da mahauta ke zubarwa ya goge shi ya yi masa baki da azurfa ya zama awarwaro. Wata rana mun tambaye shi me ya sa bai cika zanen ba, ko gajiya ce. Ya ce, "Malam, mai cika zane tsoro yake ji kada a ga inda hannunsa ya karkace." Wanda bai iya gugar fili ba shi ke ɓuya a bayan ɗige-ɗige.

Matan unguwa sun daɗe ba su yarda ba. Mace ta ɗauki 'yan kunne ta jijjiga a tafin hannu, ta ji ba nauyi, ta ji kuɗin, ta ajiye. Kuma tana da hujja: ranar da ta matsu, mai saye awo zai yi, ba zai biya ta aska biyu ba. Masu sayen sabon aikin yawanci ma'aikata ne da 'yan kasuwarmu na Birkitiri a Yawunde da na Duwala, sai 'yan mata da ke ganin hoto a WhatsApp su aiko da kuɗi ta waya. Har yau kuɗin cefanen gidansa rabi daga gyaran tsofaffin sarƙoƙi yake fitowa.

Maganar koyarwarsa kuwa sai da ta zo zaure a matsayin ƙara, shi ya sa muka san ta ciki da bai. 'Yan'uwansa na dangin maƙera ne suka kawo kuka cewa ya zaunar da bare a maƙera: wani almajiri maraya, da wani yaro Babute, da wani daga ƙauyukan Mambila. Suka ce ƙira gado ce, kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma asirin da aka riƙe kaka da kakanni ba a shanya shi a kasuwa. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye su ina nasu 'ya'yan." Zaure ya yi tsit, domin kowa ya san amsar. Nasa ma biyu suna haya da babur, ɗaya yana tsaron shago a Duwala. Ya ce shi ba ya hana ɗan gado, amma ba zai kai abin da ke hannunsa kabari don jiran wanda bai zo ba.

Da farko zuciyarmu gaba ɗaya tana wajensa, har sai da babban cikin masu ƙarar ya yi magana ta biyu. Ya ce ba kishi ne ya kawo su ba. Mace takan ɗauko dukiyarta duka ta miƙa wa maƙeri, ta tafi gida, ba shaida ba takarda. In ya zare giram biyar ya cika da jan ƙarfe, ba za ta sani ba sai bayan shekaru. Abin da ke tsare ta shi ne ta san gidansu, ta san ubansa, ta san in ya ci amana duk dangi za su sha kunya. Yaron da aka koya wa narki yau, gobe ya koma Tibati ko Bankim ya buɗe tasa maƙerar, wa ke tsaye masa? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma mun ga amsarta marar kyau a kasuwa, inda ake sayar da zobba masu lambar 925 a ciki, wato alamar azurfa mai kashi 925 cikin 1000, ka sa wata ɗaya yatsanka ya yi kore.

Dattijonmu ya ɗage zaman har mako guda. Abin da ya yanke, muka rubuta, kowa ya sa hannu, shi ne Baba ya ci gaba da koyarwa, amma kowane yaro sai waliyyinsa ya zo zaure an san shi. Ba a ba yaro azurfa sai ya ƙware da jan ƙarfe. Duk azurfar da aka karɓa a auna a gaban mai ita, a rubuta, a sake aunawa ranar bayarwa, ladan ƙira kuma a faɗe shi daban. Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda Baba ne ya kawo shi daga abin da ya gani a tafiye-tafiyensa: duk abin da ya fita daga maƙerar a buga masa alamar gidan a ciki, in yaro ya sami 'yanci a sassaƙa masa tasa a buga kusa da ta malaminsa. Turawan Ingila tun shekarar 1300 suka kafa dokar gwada azurfa a buga mata hatimi, a 1363 suka wajabta wa kowane maƙeri alamarsa, domin in an sami algus a san ƙofar da za a buga. Ba don yabo aka ƙirƙiro ta ba, don kama mai laifi ne, amma ita ce ta sa yau suke ɗaukar cokalin da ya shekara ɗari uku su faɗi wanda ya yi shi. Masu ƙara ba su fita da murna ba. Ɗaya daga cikinsu dai, bayan salla, ya kawo jikansa.

Mun leƙa maƙerar ranar Laraba da ta wuce. Zugazugin fatar akuya yana rataye a bango, an maye gurbinsa da ƙaramin injin hura wuta, ko da yake sabon yaro sai ya yi wata uku da na fatar, don a cewar Baba wanda bai san numfashin wuta ba zai ƙona sinadari. Babuten nan, wanda yanzu shi ne babba a cikinsu, yana zana wani abin wuya da ya ɗauko daga siffar amyar zuma, malaminsa ya karɓa ya soke layi biyu ya mayar masa ba tare da ya ce komai ba.

Mundayen gyatuma kuwa, Baba ya nemi magada su sayar masa, ya biya da sefa nan take a farashin Ngaundare. Kuɗinsa na guda ɗaya ne suka kai. Ɗayar ta bi motar safe, kuma mun san inda irinta ke ƙarewa. Wadda ta rage tana cikin gwangwani a maƙera, an wanke ta da lemun tsami ta yi fari. Yaran suna gwada kullin nan na waya uku da jan ƙarfe, sun yi sau shida bai kama ba, shi ma malamin ya gwada sau biyu ya ajiye. Ya roƙe mu mu sanar a wannan shafi cewa duk mai tsohuwar azurfa da ke niyyar sayarwa, a Banyo yake ko Garwa ko Ngaundare, ya daure ya kawo ko ya aiko da hotonta ciki da waje kafin ta shiga wuta, ba a karɓar ko dala. A littafin rabon gado kuma, da izinin dattijo, mun tsaga sabon layi bayan na giram. A shafin gyatumar mun koma mun cike shi da sunan mahaifin Baba.